Takardar Baba Tsoho

Shekaranjiya a banki aka ce in dangwala yatsa a kan wata takarda. Da na ga shuɗiyar tawadar ta zauna a babban yatsana, sai na tuna kakana a tsugune a bakin rijiyar gidanmu a Koki, yana dirzar nasa yatsan da toka kamar wanda ya taɓa ƙazanta.

Baba Tsoho muke ce masa. Mutumin Agadas ne. Ya shigo Kano yana saurayi tare da ayarin masu gishiri da dabino, ayari ya juya, shi ya zauna. A nan ya auri kakata, wadda muke kira Iya, ya haifi babanmu da ƙannensa, ya shekara fiye da arba'in yana cinikin fata. Duk da haka takardar baƙi yake riƙe da ita. Babanmu ne ya matsa a nema masa zama ɗan ƙasa, don ya sami fasfo ya je ya sauke farali. Aka yi cike-cike, aka kai shaidu, shekaru suka shuɗe har aka daina zancen.

Ina aji biyar a firamare, ana tsakiyar damina, wani mutum ya yi sallama a zaurenmu da ambulan a hannu, yana tambayar kakana da cikakken sunansa. Iya ta leƙa ta bayan labule, ta ga takalminsa sau-ciki yana ƙyalli duk da taɓon lungunmu, ta ce masa babu mai wannan suna a gidan. Sai da bawan Allah ya jira babanmu ya dawo daga masallaci. Wasiƙar ta ce an amince. Abin da ya rage shi ne hoto, da dangwale, da rantsuwa a gaban alƙali, sannan a je Abuja a karɓo takarda.

Kada ka zaci an yi guɗa. Baba Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya tambaya wa ya sa hannu, kuma me ya sa sai yanzu. Yana da dalilinsa. A shekarun baya, lokacin da aka yi ta kwashe baƙi a manyan motoci, an aiko wa wani amininsa mai gadi cewa ya zo ofis a gyara masa takarda. Ya tafi ya bar buta a kan wuta. Sai bayan wata biyu aka ji labarinsa daga ƙetaren iyaka.

"Mai son kama kaza," in ji Baba Tsoho, "tsaba yake fara watsa mata."

Hoton ne ya fara ba mu wahala. Kakana rawaninsa yana rufe masa baki da haɓa, ko shayi ta ƙarƙashinsa yake kurɓa. Ni da na girma a cinyarsa ban taɓa ganin fuskarsa duka ba. Mai hoto ya ce ba za a karɓa ba sai fuska a buɗe. Sai da aka fitar da kowa daga shagon kafin ya sauke. Da hoton ya zo gida na daɗe ina kallon wani tsoho mai siririyar haɓa, na kasa yarda shi ne. Iya kuwa ta tura babanmu ya koma ya tabbatar mai hoton bai ajiye ko ɗaya a wurinsa ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa. Maƙwabcinmu mai ɗinki, wanda suka shekara ashirin suna zama a tabarma ɗaya bayan la'asar, ya ce cikin raha, "Ashe dai Baba ba namu ba ne?" Aka yi dariya. Baba Tsoho bai yi ba. Daga ranar ya daina fita majalisa, ya kuma fara zargin cewa telan ne yake kai wa hukuma rahotonsa. Ba na jin gaskiya ne, amma har ya rasu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ranar rantsuwa ban je ba, babanmu ne ya ba mu labari. Ya ce da aka miƙo Alƙur'ani, tsohon ya ƙi ɗora hannu sai da tafinta ya mayar masa da kowace kalma Hausa. Sannan ya tambayi alƙali ko wannan rantsuwa tana nufin ya yafe garin da kabarin mahaifiyarsa yake. Alƙalin ya cire tabarau ya ce, "Baba, ba a ce ka manta mahaifiyarka ba. An ce kada ka ci amanar ƙasar da ka haifi 'ya'yanka a cikinta." Tsohon ya ce ai wannan rantsuwa ya daɗe da ɗaukar ta ba tare da kowa ya sa shi ba. Ya rantse, ya dangwala, ya dawo gida ya nufi rijiya.

Tafiyar Abuja ce ta fi tayar mana da hankali. Iya ta ɗaure masa dabino da garin gero da kilishi, guzurin mai ƙetara sahara, ba na mai kwana biyu ba. Shi kuma ya kai wa liman takardar gida ajiya, ya bar masa wasiyya. Da za su fita shi da babanmu, ya dafa kaina, ya kira ni da sunan wasan da yake kirana.

"Amarya, in ban dawo ba, kada ki yarda wani ya ce miki baƙuwa. A ɗakin can aka yanke miki cibiya."

Kwana uku Iya tana zaune kusa da zaure, kowace ƙarar mota ta ji sai ta miƙe. Ran na uku da hantsi suka shigo. Babanmu ya ce babban ɗakin taro ne cike da Larabawa da Indiyawa da Turawa, kowa na murna, amma Baba Tsoho ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, bai saki jakar guzurinsa ba har aka kira sunansa.

Ni ya sa na karanta masa takardar, sau biyu, in duba ko an ɓoye ranar ƙarewa a wani gefe. Na ce babu. Ya ce abin da hannu ya bayar, hannu na iya karɓewa. Bai rataye ta a bango ba. Ya naɗe ta cikin fatar akuya ya tura ƙasan akwati. Bayan shekara biyu ya je Makka da koren fasfo, ya dawo, ya rasu a ɗakinsa, aka binne shi a Kano.

Yanzu komai a na'ura yake, 'ya'yana suna cike fom a waya suna hira. Ni ma idan aka tambayi ƙaramar hukumata, ba na jinkiri wajen rubutawa. Sai dai duk lokacin da ma'aikaci ya ɗago ya dubi hasken fatata da siririn hancina, nakan dakata da rubutu har sai ya mayar da kai ƙasa. Na yi wa takardar Baba Tsoho kwafi uku, na raba su gida uku. Babbar 'yata ta ce, "Umma, wa zai tambaye mu?" Na ce mata babu kowa. Amma na gaya mata gidajen.