Taguwar da Ke Kallon Arewa

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gidana, ba na jin zai shafe mini wata farar taguwa da na mallaka kwana goma sha ɗaya, wadda saura ƙiris ta kai ni gidan yari.

Ni ɗan Gumel ne, hatsi nake sayarwa, amma tun ina ƙarami nake mafarkin raƙumi. Nakan ga kaina can sama a kan tozo, ina rangaji, gajimare na gogar hulata. Wata Alhamis na kai gero kasuwar Maigatari, sai na hango taguwar a bayan kara, wato kasuwar dabbobi, a gindin wata aduwa, fara sol kamar an wanke ta da nono, gashin idonta kuwa ya isa a share masallaci da shi. Mai riƙe da akalarta ya kira ni Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Ya ce in muka shiga kara dillalai za su cinye mu da la'ada, gara mu gama a nan. Ya faɗi farashin da ko jaki mai tari ba a samu haka. Ba dillali, ba takardar shaida, sai wata tsohuwa mai fura da ke kallonmu. Na biya.

Abin kunyar shi ne, a makon nan na ji lauya a rediyo yana bayani kan labarin dabbobin sata da ake tsallako da su iyaka. Ya ce wanda ya saya, in akwai alamar da ta isa ta sa shi zargi, shi ma doka za ta hau kansa. Na ji sarai, amma a lokacin gani nake don wasu ake yin doka.

Na shigo gari a kanta da rana tsaka. Na zaga kasuwa sau uku, na gaya wa kowa inda na saye ta da yadda na yi wa dillalai wayo. Mai ɗakina ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta shafa wata alamar lalas a wuyan taguwar, ta ce, "Malam, wannan rubutun ba kai ka yi shi ba."

Kullum da la'asar taguwar takan daina tuƙa, ta miƙa wuya arewa. Ni ma sai in zauna kusa da ita ina kallon inda take kallo, har in riƙa jin ƙanshin rairayin da ban taɓa takawa ba. Na ɗauka soyayya ce tsakaninmu, ashe gida take tunawa.

Rana ta goma sha ɗaya wani dattijo mai rawani daga Damagaram ya yi sallama, da ɗan sanda a bayansa. Surutuna ne ya kai masa labari. Dattijon ya yi wani ɗan sauti da harshe, taguwar ta durƙusa a gabansa. Ni kuwa na bi sahu, na durƙusa.

A gaban alƙali arhar da na yi ta fahari da ita ta zama hujja a kaina. Allah ya sa tsohuwa mai fura ta zo ta ba da shaidar cinikin, ta siffanta mutumin da ya sayar mini da taguwar. Rabin 'yan kasuwarmu kuma suka ce na hana su sakat da labarin. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau.

"Wanda ya san kayan sata ya saya ba ya hawa kansu ya zaga gari. Kai ba ɓarawo ba ne, ganganci ne ya yi maka yawa. Taguwa ta mai ita ce. Kuɗinka kuma ka neme su wurin wanda ka ba."

Har yau ana nemansa. Dattijon ya ja akala suka nufi arewa, ko waiwayo ba ta yi ba.

Na koyi cewa la'adar dillali da 'yar takardar nan su ne katangar mai saye. Yanzu ko zakara zan saya sai na tara shaidu biyu, in aka ce arha kuwa sai in ƙara na uku.