Motar da Ake Cire wa Takalmi

Duk wanda ya san kakana Malam Bawa Makanike a Yelwa ya san ba a shiga motarsa da takalmi. Motar kuwa ta shekara tara ba ta motsa ba. Tana nan gindin mangwaro da lambar Jihar Sakkwato a goshi, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Asalin abin, lokacin aikin dam ɗin Kainji ne ubangidansa Ba'italiye ya tafi da shi garinsu Torino. Mako biyu ya yi. Mu kuwa tun haihuwarmu muke shan labarin mako biyun nan.

Ranar farko aka kai shi wata tsohuwar coci. Da ya ga ɗakin ibada ne, sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa.

Ubangidan ya ce, "Bawa, nan ba a cirewa."

Ya ce, "Ni ba a koya mini taka ɗakin ibadar mutane da takalmi ba."

Baƙin da ke bayansa suka zaci doka ce, suka bi sahu. Da ina ƙarama, in yana ba da labarin, mutum biyar ne suka cire. Shekarar da ya rasu sun kai ɗari uku, har da fadan cocin.

Washegari aka shiga gidan da ake adana tsofaffin motoci, kowace an kewaye ta da igiya tana ta sheƙi. Aka waiga babu Kaka. Can sai ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata jar mota. Mai gadi ya jawo shi yana faɗa.

Kaka ya ce wa ubangidansa, "Gaya mishi tana ɗigar da mai. Sun goge mata jiki sun bar ta da ciwo."

Aka duba, gaskiya ne. Wai har mai gadin ya sara masa.

To, bara kakata Inna Kulu ta gaji. Ta ce, "Malam, ko ta tashi kafin ranar kasuwa, ko Audu maƙeri ya yanka ta ya yi min kaskon suyar kifi."

"Kulu, a Torino igiya za a kewaya mata."

"Nan Yauri ne. Igiya ta akuya ce."

Na sa baki na ce, "Angona, bari a yi kaskon, ko ta yi amfani sau ɗaya."

Ya ce, "Ke amarya, da bakinki inji ne da mun kai Sakkwato."

Kwana uku ba mu ga fuskarsa ba, ƙafafu kawai. Ranar kasuwa Audu ya iso da gudumarsa. Kaka ya fito, baƙin mai har gemu, ya ce, "Ajiye gudumar nan ka tura."

Audu ya tura. Motar ta yi tari, ta yi atishawa, wata kaza ta fice ta taga. Sai hayaƙi, sai ruri. Unguwa ta cika.

Inna ta gyara mayafi ta kama ƙofar gaba kamar ba ita ta yanke mata hukunci ba. Kaka bai ko dube ta ba, ya ce, "Takalmi."

Ta cire. Haka muka gangara har bakin ruwa yana danna oda, masunta na ɗaga mana hannu.

Da Kaka ya rasu, bayan sadakar arba'in Audu ya dawo, ko an sake shawara. Ya tarar Inna ta kwance igiyar akuyarta ta kewaye motar da ita.

Ta ce, "Audu, in gani ka zo yi, cire takalminka."

Allah ya jiƙan angona, ya sa ya tarar da ƙofar Aljanna a buɗe. Takalmin dai na san tun daga nesa ya cire.