Kitson Sallar Hajjo

"An ce ƙawar tata ta Birnin Kudu tana kwance tun azumin tsofaffi."

"Haka na ji. Ta je dubiya?"

"Ina fa. Jiya na leƙa na tarar tana shafe ɗaki da farar ƙasa."

"Ai kin san halinta, komai da ranarsa. Ranar ƙawa ba ta zo ba tukuna."

"To Allah ya sa ciwon ya san da wannan tsarin."

"Ke dai ja guganki, kar ki ja mana magana."

A bakin rijiya aka yi wannan hira, a garin Fagam ta ƙasar Gwaram, farkon azumin shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Wadda ake magana a kanta Hajjo ce, matar marigayi Bappa, tsohuwar da duk garin ke kira Tun-da-wuri.

A Zandam aka haife ta, a gidan Fulanin da suka daɗe da zama, har Fulatancin ya rage sai na kiran shanu da na tsawatar wa yara. Da aka kawo ta Fagam tana amarya, Sallarta ta farko maza suka sauko daga Idi ko talgen tuwo ba ta yi ba. Uwar mijinta ba ta yi faɗa ba. Zuwa ta yi ta zare muciya daga hannunta a gaban baƙi, ta ce, "Je ki huta, amarya." Har ta tsufa Hajjo takan ce gara ma a ce marinta aka yi.

Tun daga wannan shekara Sallah ba ta sake riskarta a tsaye ba. Watan Rajab, wanda tsofaffi ke kira azumin tsofaffi, yana kamawa za ka gan ta a gaban Ɗanladi tela da yadi a hamata.

"Inna, na wace Sallar? Ko ta bara ce kika makara?"

"Ɗinka kai dai. Ba a fafe gora ranar tafiya."

A watan take dafa kalwa ta yi daddawa, ta daka kuka da yaji. Na bayansa na itace ne da surfen gero, da soya man shanu a ɗura a kwalabe. In azumi ya shigo ta gyara daɓen ɗaki, ta sauke kwanukan jere ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta auna hatsin fidda kai ta ajiye gefe tun magidantan gari ba su fara tunaninsa ba. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta rubuta komai, watannin ne ke gaya mata abin yi. Sai ka ga goman ƙarshe ta zo, matan gari na zagin tela, ana aron turmi, ana neman itace da ɗan karen tsada, ita kuwa tana zaune a tabarma da carbi. Wasu na jin haushinta. Amma in gishiri ya yanke wa mace ana jajibere, ƙofar Hajjo take bugawa.

Abu ɗaya ne take bari sai ƙarshe, shi ne kitso, domin mutum ba ya yi wa kansa, kuma hannu ɗaya ta yarda ya taɓa mata kai. Hannun Zuliha ne.

Tare suka tashi a Zandam, tare suka yi tallan nono, suka ƙulla ƙawance irin na da, da goro da shaidu. Aure ya raba su: Zuliha ta tafi Birnin Kudu gidan Alhaji Dogara, ɗan kasuwa mai dangi a Kano, wanda daga baya ya sayi motocin haya. Sai suka yi alkawari. Da layya Zuliha ce mai zuwa Fagam, da ƙaramar Sallah kuma Hajjo ce mai zuwa Birnin Kudu, su kitse wa juna kai. Da can a kan jaki, bayan an sami 'yancin kai motoci suka yawaita, suka koma bin su. In azumi ya zo gangara, Hajjo ta tsefe kanta a gida, ta wanke, ta ɗaure da kallabi, don kada a ɓata lokaci a can. Ta kwana ɗaya, ta juyo kafin a ga wata.

Zuliha kuwa ba ta taɓa shirya komai a kan lokaci ba. Hajjo za ta tarar da gidan kamar kasuwa, ita kuma tana tsakiya tana dariya, haƙorin Makka na walƙiya.

"Zauna, Tun-da-wuri. Ke na san likkafaninki ma yana cikin adaka a ninke."

"Yana nan. Naki fa, Zule?"

"Nawa sai ranar a aika kasuwa, tela ya ce a dawo gobe. Sunkuyo da kan nan, kin zo min da furfura kamar audugar Wurno."

Sai Hajjo ta zauna a ƙasa, ta jingina da gwiwoyin ƙawarta. Wunin nan ne kaɗai a shekara da ba ta tuna saura me. Abin da ba ta gaya wa Bappa ba, da wanda Zuliha ba ta gaya wa 'ya'yanta ba, a nan ake faɗinsa, kai a sunkuye, ba mai kallon idon wani.

A waccan shekara, ranar wata kasuwar Fagam cikin azumin tsofaffi, Maliki ya yi sallama a gidan. Direban motar Alhaji Dogara ne, magidanci mai ladabi, shi ke kai saƙo tsakanin gidajen biyu. Ya sami Hajjo a bakin tukunyar kalwa, ya durƙusa.

"Inna, Hajiya tana gaishe ki. Ta ɗan kwanta kwana biyu."

"Me ya same ta?"

"Jiri ne ya ɗebe ta a bakin murhu."

"Yaya jikin yanzu?"

"Da sauƙi, Inna."

"Ta ce in zo?"

"Ta ce dai in kin sami sarari."

Hajjo ta dubi tukunya. Kalwar da ta hau wuta ba a barinta: sai an dafa, an wanke, an rufe, an jira ta nuna, in an tafi an bar ta duk ta lalace. Ta ce, "Ka ce ina gaishe ta, Allah ya ƙara sauƙi."

Ba wai Hajjo ba ta san nauyin kalmar ba ne. A ƙasar nan ba a tambayi mai ciwo a ce babu sauƙi, ko da ana karanta masa Yasin ne. Ita da bakinta ta ce wa masu dubiya da sauƙi ana gobe Bappa zai cika. Amma a ranar kalmar ta zo mata daidai da abin da take son ji, ta karɓe ta yadda aka faɗa. Gaskiyar kuwa ita ce tun faɗuwar nan hannun Zuliha na dama da ƙafarta suka shanye, baki ne kawai ya rage mata, kuma da shi take ta tambayar Hajjo.

Wata ya sake, ana yankan gero, Maliki ya dawo.

"Ta sake tambayarki, Inna."

"Jikin fa?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Hajjo ta ba shi kwalbar man shanu da ƙullin sabuwar daddawa ya kai. Bayan ya fita, Hapsatu matar ɗanta ta aje taɓarya.

"Inna, da kin bi shi. Ni sai in ƙarasa surfen."

"Ke za ki ƙarasa? Bara wa ya bar gero a jiƙe har ya yi tsami?"

"Sau biyu fa ke nan tana aikowa."

"Zule ce, ba ki san ta ba. Ƙaya ta soke ta sai ta tara gari. Saura ƙiris azumi, in na je yanzu in sake komawa kitso? Tafiya ɗaya ta isa, in na kammala sai in je hankali kwance, har in ƙara mata kwana."

Hapsatu ta ɗauki taɓaryarta, ta koma kan turmi.

Cikin azumi Maliki ya zo sau ɗaya. Bai shiga ba, daga zaure ya gaishe ta, yana murza hularsa. Ta tambayi jiki, ya ba ta amsar da ya saba, ya ce fasinja na jiransa. Ranar Hajjo tana wanke kwanukan jere, ta tsaya da wani a hannu, ta daɗe, sannan ta ci gaba da cuɗawa.

Komai ya kammala a kan lokaci, kamar kullum. Ɗinki na adaka, itace a jibge, lalle a dake. Ta tsefe kanta, ta wanke, ta ɗaure, ta hau mota da safe. Da azahar ta sauka a Birnin Kudu.

Tun daga zaure ta ji gidan shiru. Ba daka, ba hayaniyar 'yan aike. Ruƙayyatu, babbar 'yar Zuliha, wadda ke aure a Kano, ita ta tare ta a tsakar gida ta karɓi ƙunshinta.

"Sannu da zuwa, Inna Hajjo."

"Yaushe kika zo? Ina uwar taki?"

"Na daɗe. Tana ɗaki." Ta rage murya. "Inna, ba za ta amsa miki ba. Ciwon ya sake bugunta farkon azumi, bakin ya tafi. Tana ji, tana gane mutane, amma ba magana."

Hajjo ta waiwaya. Maliki na tsaye a bakin zaure da sauran kayanta.

"Maliki, da sauƙi ka ce min."

"Inna, to me zan ce? Kina azumi, ga girma. Na zaci za ki gane."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya ga Ruƙayyatu. "Da tana magana, me take cewa?"

"Ta ce akwai zancen da ke kaɗai za ta gaya wa. Muka ce ta faɗa mana mu aika miki, ta ce a'a, ba na aike ba ne. In muka matsa sai ta ce mu ƙyale ta, Hajjo na nan tafe, ba ta saɓa lokaci."

Hajjo ba ta taɓa sanin zancen ba. Zuliha ta rasu a watan da ke tsakanin Sallolin biyu, ba tare da bakin ya dawo ba. Hajjo ta yi wannan Sallar a Birnin Kudu, karo na farko da aka sauko Idi a Fagam ba ta gida, Hapsatu ce ta raba tuwon. Ta rayu shekaru bayan haka, tana kai yadi wurin Ɗanladi a kan kari, don hannu ya riga ya saba. Sai dai in an ce mata wani ba shi da lafiya, ba ta tambayar yaya jiki, mayafi take ɗauka.

Amma a wannan azahar ɗin, shiga ɗakin ta yi. Zuliha na kwance a gadon ƙarfe, ta rame, bakin ya karkace gefe. Kitson layya ne har yanzu a kanta, wanda Hajjo ta yi mata a Fagam, duk ya tsufa ya cukurkuɗe. Ruƙayyatu ta ce a hankali, "Mun so mu tsefe, ta hana."

"Zule, ga ni," in ji Hajjo.

Idanun suka juyo, suka tsaya a kanta. Leɓen ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba. Hajjo ta kai kunne, ta saurara, ta sake saurarawa. Ba ta gane komai ba.

Ta miƙe ta kwance kallabinta. Gashin ya bazu, fari fat, a tsefe. Zuliha ta kalle shi, hawaye ya gangaro ta gefen da bai mutu ba, yatsun hannunta na hagu suka soma motsi a kan zani, kamar mai laluben wani abu.

Hajjo ta zauna a ƙasa, ta juya baya, ta jingina da bakin gadon.

"Ruƙayyatu, ɗauko tsinken kitso da man shanu. Ki kamo hannun nan nata mai motsi ki ɗora min a ka, ta tsaga da kanta ko da a karkace ne. Ke sai ki bi ki kitse."