Kakan da Na Cinye

Jikata ta dawo daga Tasawa jiya ranta a ɓace. Ta je tona tsofaffin takardun zamanin Nasara tana neman asalin gidanmu, ta tarar gara ta riga ta. Na ce ta zauna ta rubuta, sai ga hawaye sun zubo mini.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, da gyaɗa yake kiran kakanninsa. A Korgom, shekarun da gyaɗa ke da daraja, in muna ɓara sai ya jera ƙwayoyi bisa tabarma, kowace da sunanta, don kada ƙannensa su manta. Ina amarya ban sani ba, na ɗauki ɗaya mai ɗumin rana na jefa baki.

Ya dafe kai. "Wayyo, amarya! Kin cinye wanda ya haƙa mana rijiya!"

Na ce, "Ashe shi ya fi gardi."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Yau na jera wa yarinyar kakannin da gyaɗa, ba wanda ya kuɓuce mini. Sunan surukina kawai maƙwabciya ta faɗa, don bakina bai taɓa iyawa ba.

Allah ya sa kana cikinsu yanzu, Malam, kuna hira a inuwa mai sanyi.