Sunan da Injina Ya Haɗiye

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara masa gishiri ba. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, shi ya sa na bar shi. Ku dai sani tun yanzu, a labarin nan ni ne mai laifi.

A shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji ruwa ya fara hawowa, ina saurayi, ina tuƙa wani babban kwalekwale a Yelwa, mai injin nan da ake ɗaurawa a gindin jirgi a tayar da igiya. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na yi shekara uku a hannun Audu Makaniki a bakin ruwa, na iya kwance inji in mayar, wannan ya sa kaina ya kumbura har nake ganin duk ƙasar Yauri babu kamata. Aikinmu a lokacin shi ne kwashe mutanen gungu, wato tsibiran tsakiyar kogi, zuwa sababbin gidajen siminti da aka gina musu a tudu ta wajen Ngaski.

Wata Laraba da hantsi na je kwaso gida na ƙarshe a wani ƙaramin gungu da ba zan faɗi sunansa ba. Mai gidan wani tsoho ne, Baba Gado, sai ɗiyarsa Kulu, babbar mace, da mijinta. Muka loda turmi da tukwane da buhunan irin albasa da awaki uku, kowa ya shiga, sai tsohon ya ce in dakata. Ya tsaya a bakin ruwa ya fuskanci wata tsamiya inda kaburburansu suke, ya fara kiran sunaye da ƙarfi, in ya kira ɗaya sai ya yi shiru mai tsawo kafin ya kira na gaba. Na tambayi Kulu me ake yi. Ta ce al'adarsu ce, ba a tashi daga gari a bar na ƙasa, sai an kira kowa da sunansa, a ba shi lokaci ya shigo jirgi, sannan a tafi.

Na ce, "Su nawa ne?"

Ta ce, "Sha ɗaya."

"Ya kira nawa?"

"Huɗu. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, yanzu zai gama."

Shekaru da yawa ina gaya wa mutane hadari ne ya taso daga gabas ya sa na yi gaggawa. Ƙarya ce. Akwai wata mai sayar da fura a kasuwar Yelwa da nake so in tarar kafin ta tashi, shi ke nan. Na ɗaga murya na ce, "Baba, shigo mu tafi! Ai 'yan gungu ne, su biyo mu da iyo!" Na fizgi igiya, inji ya kama, jirgi ya fara ja da baya, dole surukinsa ya sungumo shi ya jefo ciki. Ina kallon bakin tsohon nan yana buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, yana ta kira, amma ƙarar inji ta haɗiye muryarsa, ni kuwa na murɗa totur har ƙarshe don kada in ji. Har dariya na yi. Astagfirullah, har dariya na yi.

Washegari na zo bakin aiki, ja ɗaya inji ya tashi, yana sulo lafiya lau kamar agogo. Na sa giya, jirgi ya fara tafiya a hankali. Ina murɗa totur sai ya yi bu-bu-bu, ya shaƙe kamar an kama masa maƙogwaro. In na saki ya dawo daidai, in na murɗa ya sake shaƙewa. Na ce ƙaramin abu ne. Duk wanda ya san inji ya san in yana sulo amma ba ya ɗaukar wuta, yawanci mai ne ba ya isa. Na fara da murfin tanki, don in 'yar ƙofar iskarsa ta toshe mai ba ya sauka. A buɗe take. Na cire tiyo na hura, babu tsaga, babu toshiya. Lokacin ana yaƙi a kudu, fetur sai wanda ka samu, sai na zuba shi a kwalba na ajiye a inuwa in ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa. Ko ɗigo babu. Na kwance fulogi na goge, na sa sabo. Na sauke kafireta na baje ta a kan tsumma, na wanke kowace ƙofa da fetur, na zura siririyar waya, na hura da bakina har kaina ya yi jiri. Na ɗaga farfela na duba ko tsohuwar komar kamun kifi ta naɗe ta, don ruwan ya kwaso shara iri-iri. Wallahi tas take. Na mayar da komai, na fita, na murɗa: bu-bu-bu.

Ranar Juma'a ina tsugune da kayan inji a gabana sai ga Kulu, ta biyo motar kasuwa tun daga wajen Ngaski. Ta ce tun ranar Laraba Baba bai sa komai a bakinsa ba, ya ƙi shiga sabon ɗaki, yana zaune a ƙofa yana kallon ruwa. Ta ce masunta sun gaya mata ruwa ya kai gindin tsamiya, in ya rufe kaburburan shi ke nan, kira ba ya isa ga wanda ruwa ya danne. Sauran jiragen inji duk an tura su can ƙasan kogi, kwalekwalen hannu kuma ba zai ɗauki tsoho a wannan faɗin ruwa da igiyarsa ba.

Ta ce, "Bakwai suka rage, kuma Inna ce ta ƙarshe. Don Allah, don darajar iyayenka, ka mayar da shi ko na ɗan lokaci."

Na nuna mata kafireta a kan tsumma na ce, "Ba ki gani ba? Inji ya lalace."

Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar munafuki. Ko a sulo da na kai shi kafin la'asar. Kunyar haɗa ido da tsohon nake ji, kuma ba na so 'yan bakin ruwa su ga gwani yana rarrafe a kan kogi kamar kunkuru. Ta gyara ɗankwalinta ta tafi.

Asabar da Lahadi na kai ƙara wurin Audu. Ya fara da zagina, ya ce shekara uku ya ɓata a kan jaki. Ya ɗaura injin a bakin duro cike da ruwa, ya murɗa, inji ya yi ruri har ruwa ya fallatsa mana a fuska. Ya ɗaura shi a jirgin wani, jirgin ya tashi kamar zai bar ruwa. Sai ya ɗauko nasa injin, wanda duk Yelwa aka san lafiyarsa, ya ɗaura a nawa jirgin, ya murɗa. Bu-bu-bu. Audu ya daina zagi. Muka jawo jirgin tudu muka kife, babu huda, babu abin da ya maƙale. Da muka mayar da shi ruwa, sai Audu ya ja da baya ya tsaya yana dubansa.

Ya ce, "Kai, yaro, mi ka ɗauko cikin jirgin ga?"

Na ce babu komai, ga shi wayam.

Ya ce, "To dubi inda ruwa ya kai mai."

Na duba. Jirgi babu ko buhu ɗaya, amma ya nutse har kusa da layin da yake kaiwa in na yi lodi. Audu ya kwashe sifanoninsa ya ce shi ƙarfe ya koya, wannan kuwa ba aikin ƙarfe ba ne.

Duk da haka taurin kai bai sake ni ba. Ranar Litinin da rana tsaka na fita ni kaɗai tsakiyar ruwa, rana ta ƙwalle, katakon jirgi ya bushe har yana ƙona tafin ƙafa. Na ce yau ko ni ko shi. Na murɗa totur na riƙe, inji ya shaƙe, na ƙi saki, sai na ji jirgin ya yi baya kamar an ja shi. Na waiga gefen dama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A kan busasshen katakon bakin jirgi ga sawun yatsu a jiƙe, hurhuɗu, sun lanƙwaso daga waje kamar yadda mai iyo ke kama jirgi in ya gaji. Na duba hagu, ga su nan ma. Ruwa na tsiyaya daga cikinsu, rana na dukansu amma ba su bushewa. Na leƙa ruwan, babu kowa, sai inuwata. Ban san me ya sa na ƙirga ba, hannu bibbiyu, mutum shida. Jama'a, ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ya tafi inda ba a dawowa, ban ce muku ga abin da ya kama jirgina ba. Abin da idona ya gani nake faɗa. Na zauna dirshan a cikin jirgi, duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Talata da sassafe na je na ɗauko Baba Gado da Kulu. Bai dube ni ba, ni ma ban iya gaishe shi ba. Muka tafi a sulo, tafiyar da ba ta ƙarewa. Da muka isa, babu gungu. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, sai kan tsamiya da tsinin rufin ɗakuna biyu. Na kashe inji ba tare da an ce in kashe ba.

Kulu ta riƙe shi ya miƙe tsaye. Ya kira suna na farko, muryarsa duk ta dushe. Wallahi tallahi jirgin ya karkata gefe ɗaya ya dawo, kamar yadda yake yi in mutum ya hawo daga ruwa, kuma ga jiƙa a kan katakon zama. Ya kira na biyu, jirgi ya karkata ɗaya gefen. Haka har shida, gashin jikina duk a tsaye, na cusa hannu a baki don kada in yi ihu.

Sai ya kira na bakwai. "Ladi!"

Jirgi bai motsa ba.

Ya sake kira. Ya kira da yarensu, ya daɗe yana magana a hankali kamar mai lallashi. Kulu ta fashe da kuka tana cewa, "Inna! Inna, mu ne, mun dawo!" Ko ganyen tsamiyar bai kaɗa ba.

Tsohon ya zauna. Sai a lokacin ya dube ni, kuma babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. Ya ce, "Ita ba ɗiyar gungu ba ce, daga tudu na auro ta. Shekara talatin tana nan, ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Sauran sun bi ka. Ita ta tsaya jiran jirgi."

Ya ce in tayar mu tafi. Na ja igiya, na murɗa totur, inji ya ɗauki wuta ya yi ruri, jirgi ya yanki ruwa. Ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba tun ranar Lahadi. Har na rabu da injin nan bai sake shaƙewa ba, kuma har yau ban san abin da zan ce na gyara ba.

Baba Gado bai ga kakar shekarar ba. Kafin ya rasu na je na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ɗan nan, ba ni ka bari ba."

Na yi istigfari iyakar iyawata, na yi sadaka, na je Makka na faɗa wa Allah da bakina, amma ban san ƙofar da zan je in nemi wannan yafiya ba. Ku masu tasowa, ko jirgi kuke ja ko mota ko babur, in tsoho ya ce ku dakata yana da abin da zai ƙarasa, ku kashe inji ku jira, ko da abin ba addininku ba ne, ko da kuna ganin shirme ne. Abin da ya rage wa Baba Gado ranar nan bai kai a dafa shayi ba.