Duwatsun da Ba Su da Mai Ziyara

A maƙabartar bayan haikali, inda Fusae ke zuwa kowace safiya ta wanke dutsen kabarin mijinta, yau akwai wata baƙuwar yarinya durƙushe cikin laka. Siririya ce, yatsunta baƙi ƙirin, jakarta da tambarin jami'a. Tana manna jiƙaƙƙiyar takarda a jikin wani tsohon dutse, tana daddanna ta da tsumma mai tawada, har rubutun da ruwan sama ya cinye ya fara fitowa.

Wannan layin duk na waɗanda zuriyarsu ta ƙare ne. Yau za a kwashe duwatsun a farfasa.

"'Yan mata, a ba mu wuri mana," in ji mai motar kwasar. "Masu su ma ba su zo ba, sai ke?"

"Yi haƙuri, Baba, saura kaɗan. Jaririya ce, a shekarar yunwa ta rasu. Babu inda sunanta ya rage sai nan."

Fusae na kallon hujajjen takalmin yarinyar. Ƙila shekaru ta kwashe tana koyon wannan tsohon rubutu. Ƙila uwarta na can ƙauye tana tambayar yaushe za ta sami aiki.

Aka ja igiya, dutsen ya tashi da takardar manne a jikinsa, rabin sunan bai fito ba. Yarinyar ta haɗa tafukanta, ta sunkuya, sannan ta ja gwiwa zuwa dutse na gaba.