Turaren Mahaifiyata a Cikin Amya

Shekarun baya, tun ina gida a Garwa ban yi aure ba, mahaifina yana da amya uku a bayan gidanmu, can jikin katanga ƙarƙashin tsamiya. Ɗan kasuwa ne mai rumfar atamfa, amma da zarar ruwa ya ɗauke kaka ta shigo, to kasuwa sai dai ta yi haƙuri. Zai sauke duk amyar da zuma suka bari, ya kakkaɓe ta, ya kankare tsohon kaki, ya shanya ta a rana, ya liƙe ɓarakar da ɗanyen kashin shanu. Sai ya sake mata jinka, ya zuba toka a gindin gwafannin da take zaune a kai saboda tururuwa. Aikin ƙarshe shi ne turara cikinta, don ƙamshin ne ke kiran sababbin zuma su shiga.

A nan rigimar gidanmu take. Mahaifiyata 'yar Kuseri ce, kuma turaren wuta take haɗawa na amare. Shi kuwa ya rantse zumansa ba sa shiga amyar da ba ta sha turarenta ba. Duk kaka sai ya faki idonta ya ɗibi rabin tafi. Duk kaka kuma sai ta kama shi, don hayaƙin ke tona masa asiri.

"Alhaji, wai kai ba ka jin kunya? Sandal da gajiji da farcen da na wahala a kai, shi za ka banka wa kashin shanu?"

"To ai su ma amare ne, Hajiya. Sabon ɗaki za su tare."

Daga nan sai ta juya harshe zuwa Larabcin Shuwa, wanda ba ya ji ko kalma ɗaya, shi kuma yana ta amsawa da "Na'am, haka ne." Ni a lokacin lekol, wato makarantar boko, ta cika mini kai. Ta sha cewa in zo in ga yadda ake haɗawa, ina cewa sai an yi hutu. An yi ta yin hutun kuwa, a barci na ƙarar da shi.

Da Allah ya yi mata rasuwa, kakar farko bai ko leƙa bayan gida ba. Amya biyu dama babu kowa a ciki, ta ukun ma zuman suka tashi. A kaka ta biyu ya aike ni babbar kasuwa na sayo turare har kala huɗu. Ya turara, ya ɗora, muka zuba ido. Ƙadangare ne kawai ya tare a ɗaya, gizo-gizo ya kama sauran.

Abin da ya rage na haɗinta 'yar kwalba ce guda, ko rabi ba ta kai ba, tana cikin akwatinsa. Wani lokaci in na kai masa shayi sai in tarar ya buɗe ta ya kai hanci, yana jin motsina ya rufe da sauri kamar har yanzu akwai mai kama shi. Ni ma in ya tafi masallaci nakan saci shaƙa. Duk gidan nan, a cikin kwalbar nan kaɗai ta rage mana.

Ranar wata Juma'a da safe, a kaka ta uku, na ga ya fito da kasko da garwashi, kwalbar a aljihun gaba. Na bi shi da sauri.

"Baba, ba dai ƙona shi za ka yi ba?"

"Shi zan ƙona, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Don Allah Baba, in ya ƙare fa ya ƙare. Ba wanda ya iya haɗinta. Zuma ai ga ta nan a kasuwa, daga Banyo ma ana kawowa."

Ya daɗe yana juya kwalbar a hannu. Sannan ya ce, "Kin lura ƙamshin yana raguwa? Bara in na buɗe, ɗakin ne ke ɗauka. Bana sai na kai hanci. Ko mun ƙona ko ba mu ƙona ba, tafiya yake yi. Gara in ji shi sosai sau ɗaya."

Sai na fashe da kuka. Ya kwantar da amya ɗaya a ƙasa, ya tura kaskon ciki, ya juye kwalbar kaf a kan garwashin, har da bubbuga gindinta.

Wallahi ƙamshin nan na tashi na waiga ƙofar kicin. Na san ba ta nan, amma na waiga. Mayafinta ne, ɗakinta ne ranar sallah, jikinta ne in ta rungume ni na dawo daga makaranta. Mahaifina ya durƙusa ya kai fuskarsa bakin amyar, ya ce, "Matso, Uwata, kar ya wuce ki." Na matsa. Da wani ya leƙo ta katanga da ya ce mun zautu: dattijo da farar riga da budurwa mai ji da boko, sun kifa kai a kwandon kashin shanu suna hawaye. Ba mu ɗago ba sai da garwashin ya mutu. Sannan ya toshe bakin, ya bar 'yar ƙofa, muka kama tare muka ɗora ta a kan gwafa.

Kafin a gama yankan dawa, wata rana da hantsi ina wanke-wanke, na ji gunji ta kan katanga. Zuma ne, baƙi ƙirin, suka yi ta kewaya tsamiya sannan suka dunguma cikin amyar. Na ruga na kira shi. Ya fito ba ko hula, ya tsaya daga nesa yana kallo. Daga ranar ya koma ajiye musu ruwa a kasko da 'yan tsakuwa don kada su nutse, ya koma faɗa da ƙadangaru, har abincinsa ya ƙaru.

Da bazara ya ɗebi zumar farko. Ya gutsuri saƙar ya sa a baki, ya rufe ido, ya daɗe yana tsotsa. Na san abin da yake nema, don ni ma shi na nema a tawa.

"Baba, ka ji shi?"

Ya girgiza kai. "Babu, Uwata. Zuma ce kawai." Ya lashe yatsansa. "Amma mai kyau ce."

Yanzu shi ma ya bi ta, gidan yana hannun ƙanena, kuma jikokin zuman nan suna nan a bayan gida. Na yi yawon masu turare, har Kuseri na je wajen danginta, kowacce ta ba ni nata ta ce irinsa ne. Ba irinsa ba ne. Na daɗe ina tambayar kaina ko da na hana shi ya fi, har na gane da na hana shi, da ko wannan safiyar ba mu samu ba. Duk da haka in kaka ta shigo kewa takan kama ni har in kasa cin abinci. Abin da nake so bai fi in sake durƙusawa kusa da shi ba, kafaɗata a jikin tasa, kafin garwashin ya mutu.